Wa Ke Cinye 'Ya'yan Tumakin? Nazarin Wani Garke Cikin Haihuwa Uku

## Yadda gidan yake kafin matsalar

Mutumin da wannan nazari ya shafa yana da tumaki mata 58 da raguna 2 lokacin da abin ya fara. Filin kiwonsa dogo ne, ya faro daga bayan gida ya gangara har wani kwari mai sarƙaƙiya, tafiyar minti 15 daga ƙofarsa. Yana da karya guda ta kora, wadda aikinta tattaro tumaki da juya su inda ake so. Shekararta 6 tana wannan aiki, da dare kuma a bakin ƙofarsa take kwana, ba a cikin garke ba.

Ragunan suna cikin tumaki duk shekara, saboda haka haihuwa ba ta da ranar farawa, tana dai cunkushewa cikin wata uku. Tunkiya tana haihuwa inda naƙuda ta same ta. Dabbar da ta mutu kuwa jan ta ake yi a jefa kwarin, haka ya tarar ana yi, haka ya ci gaba. A shekarun baya yakan rasa 'ya'ya 5 ko 6, bai taɓa ɗaukar hakan wani abu ba.

Wata biyu kafin haihuwar da ake magana, yaron da ke kwana kusa da garken ya bar aiki, ba a ɗauki wani ba. Ciyawa kuma ta bushe da wuri a shekarar, tumakin suka shiga watan haihuwa ba a ƙara musu komai ba. Mutum ne mai rubutu, duk alƙaluman da ke nan daga littafinsa suka fito.

## Haihuwa ta farko, mako na 1 zuwa na 3

Cikin mako uku ya rasa 'ya'ya 7. Biyar ya tarar da gawarsu da safe, an huda ciki an cinye kayan ciki, wasu hankaki sun ƙwaƙule idanu. Biyu ko ƙashi bai gani ba. Kusan kullum da dare yana jin kukan dila daga kwarin, da safe kuma ga sawu a kan rairayi. Biri ya yi kama da mutum. A gaban kowane ɗaya daga cikin bakwai ɗin ya rubuta kalma guda: dila.

## Mako na 4 zuwa na 6: bindiga da tarko

Ya ɗauki bargo da tocila da bindiga ya koma kwana a fili. Daren farko na mako na 4 ya rasa ɗa guda. A dare na biyar ya harbe dila biyu, mace da namiji, waɗanda ya gani tare suna fitowa daga kwarin. Ya ci gaba da kwana a wurin har kwana 9, ba a rasa ko ɗaya ba. Da yake barci ba ya zuwa, yakan zaga da tocila: wadda ta haifi tagwaye ta bar ɗaya ya mayar mata, wanda ya kasa kama nono ya riƙe uwar ya sa masa a baki. Bai rubuta wannan a littafi ba, sai daga baya da aka tambaye shi yadda yake cinye daren.

Ya koma ɗakinsa, ya bar tarkon ƙarfe 6 a hanyoyin da ke fitowa daga kwarin. Cikin kwana 5 'ya'ya 4 suka tafi, kukan dila kuma ya dawo, wannan karon daga wurare uku. Tarkon sun kama zomo da bushiya da tunkiyarsa guda, wadda ƙafarta ta karye aka yanka ta. Dila ko ɗaya bai shiga ba. Jimillar asara ta kai 12.

## Mako na 7: guba

Wani ya ba shi garin maganin ƙwari na gona, irin na dangin carbamate, ya barbaɗa a cikin mushen ɗan tunkiya ya ajiye a bakin kwarin da magariba. Washegari da hantsi ya tarar da ungulu 9 da hankaka 2 da dila 1 a mace, duk cikin taku 50 daga mushen. Karyarsa, wadda ta riga shi zuwa wurin kamar kullum, ta dawo tana dalalar miyau, jikinta na karkarwa, ƙwayar idonta ta tsuke kamar kan allura. Irin wannan guba tana da makari, allurar atropine, idan an yi ta da wuri. Likitan dabbobi mafi kusa yana da nisan awa biyu. Karyar ta mutu a hanya.

Sa guba a mushe laifi ne a dokar ƙasashe da yawa, kuma ɓarnarsa a kan ungulu sananniya ce: a watan Yunin 2019 an tsinci ungulu 537 a mace a Botswana bayan sun ci mushen giwaye uku da aka sa wa guba. Ungulu tara ba su kai wannan ba, amma su ne ke share kwarin nan. Bayan mutuwarsu mushe yakan kwana uku ko huɗu yana wari. A makon da ya biyo baya an rasa 'ya'ya 3. Jimilla 15.

## Mako na 8 zuwa na 12: fitilu

Ya ji labarin Richard Turere, yaron nan ɗan ƙabilar Masai da ya haɗa fitilu masu walƙiya don korar zakuna daga shanun mahaifinsa a gefen gandun dajin Nairobi. Ya sayi fitilun sola 6 masu kunnawa da kashe kansu, ya kafa su kewaye da makwancin tumaki. Kwana 16 ba a rasa komai ba. Littafin ya nuna cewa a waɗannan kwanaki tumaki 3 kacal suka haihu.

Dare na 17 ya bambanta da duk na baya. Da safe ya tarar da garken a warwatse, wasu sun maƙale a shinge. 'Ya'ya 4 sun mutu, kusan ba a ci komai a jikinsu ba. Iyaye 2 an yayyage musu cinya da kunne, ɗaya ta mutu bayan kwana uku. Nan ma ya rubuta dila. Kafin haihuwar ta ƙare wasu 2 suka bi. An haifi 64, an rasa 21, wato kashi 33 cikin 100.

## Wata na 4 zuwa na 7: babban kare

Ya sayo ƙaton kare ɗan shekara 3 wanda ya tashi yana gadin gida, bai taɓa kwana da tunkiya ba. In an sake shi sai ya dawo bakin ƙofa ya kwanta, ko ya tafi yawo har kwana biyu. In an ɗaure shi a fili sai ya kwana yana haushi, tumakin su koma can nesa da shi. Sau biyu aka kama shi yana bin 'yan tumakin da aka yaye, na biyun ya yaga wa ɗaya kunne. A wata na 7 aka mayar da shi. Ƙanin mai garken ya ce tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

## Wata na 8: tambayar likita

Likitar dabbobin da ta zo ba maganar dila ta kawo ta ba, tsutsar ciki ta zo dubawa. Ya nuna mata littafin, ta karanta shafi biyu ta ɗago kai.

"Malam, cikin 21 ɗin nan, nawa ka feɗe?"

"Likita, wa ke feɗe mushen ɗan tunkiya?"

Ta zauna ta koya masa abin da zai duba, ta sa ya rubuta a bayan littafin. Ɗan tunkiyar da aka haifa yana da wata tattausar fata a ƙarƙashin kofato, wadda ke goge da zarar ya miƙe ya yi tafiya. In tana nan, bai taɓa takawa ba. Huhun da ya shaƙi iska ja-ja ne mai haske, in an yanki kaɗan an jefa a ruwa yana tasowa, wanda bai shaƙa ba kuwa duhu ne kamar hanta, nutsewa yake yi. A tumbinsa na ƙarshe za a ga guda-gudan madara in ya sha. Kitsen da ke lulluɓe da ƙoda, wanda jariri ke ƙonawa don ɗumama jiki, fari-fari ne mai tauri a jikin lafiyayye, amma a jikin wanda yunwa ta kashe ya narke ya koma ja kamar kunun jini.

Sai babbar alamar. A feɗe fatar wuya da ta baya. Dabbar da aka cije tana da rai, jini yakan taru a ƙarƙashin fata kewaye da ramin haƙori, domin zuciya tana bugawa lokacin. Wadda aka ci bayan ta mutu, ramin haƙorin tas yake, ba taruwar jini. Dila yawanci ɗaya yake kamawa, a maƙogwaro, ya buɗe ta kwiɓi ya ci kayan ciki. Karnukan gida kuwa ba su da tsari: su bi garke duka, su ciji cinya da fuska da kunne, su raunata da yawa, su ci kaɗan ko ma su bar shi. Da ta kai nan ya buɗe shafin dare na 17 ya daɗe yana kallo.

Ta kuma ba shi shawarar ya nemo kwikwiyo, ba babban kare ba, daga iyayen da suke aikin gadin garke.

## Wata na 9 zuwa na 12: kwikwiyo

Karen kora da karen gadin garke aikinsu daban, halittarsu ma daban. Na kora yana kallon tunkiya yana laɓaɓawa kamar mai farauta, shi ya sa take gudu daga gare shi. Na gadi, irin su Kangal na yankin Sivas a Turkiyya ko Maremma na Italiya, an zaɓo su ne don rashin wannan ɗabi'a, su kwanta cikin garke kamar ɗaya daga ciki. Raymond da Lorna Coppinger, waɗanda suka rarraba irin waɗannan karnuka ga makiyayan Amurka daga Kwalejin Hampshire tun ƙarshen shekarun 1970, sun auna su da abu uku: ya zauna da garke, kada ya cuce shi, ya kare shi. A Namibiya, ƙungiyar Cheetah Conservation Fund da Laurie Marker ta kafa ta fara raba karnukan Anatoliya ga makiyaya a 1994. A duka wuraren biyu darasin ɗaya ne: kare yana shaƙuwa da abin da ya rayu da shi kafin ya kai mako 16 ko kusa da haka.

Kwikwiyon ya zo yana mako 8. Aka sa shi a ƙaramin shinge da tumaki 6 masu sanyin hali, aka yi masa wani lungu da katako inda zai ci abinci ya ɓuya in an tunkuye shi. An hana yara ɗaukarsa zuwa gida, wannan kuwa ya fi gina shingen wuya. Ana taɓa shi kullum na 'yan mintuna, a duba ƙafa da kunne da baki, a koya masa sunansa da igiya, don kada ya girma ya gagari kamu. An yi masa allurar haukan kare yana wata 3. Ana ba shi maganin tsutsa na praziquantel a kai a kai, an kuma hana shi cin mushe, domin tsutsar Taenia multiceps daga kan matacciyar tunkiya take shiga cikin kare, ƙwanta ya fita a kashinsa, tunkiya ta ci a ciyawa, ƙullutu ya fito mata a ƙwaƙwalwa ta riƙa juyi a wuri ɗaya. A wannan lokaci aka daina jefa mushe a kwari, aka koma binnewa da zurfi a ɗora duwatsu.

## Haihuwa ta biyu, wata na 13 zuwa na 15

Tumaki 60 ne yanzu, da 'yan matan da suka taso. Kwikwiyon yana wata 6, shekarun rashin ji. Mako na farko aka same shi yana wasa da jariri har ya gajiyar da shi, dole aka raba shi da masu jego aka mayar da shi cikin raguna da manyan tumaki, waɗanda ba sa ɗaukar raini. A wannan haihuwa bai tsare komai ba.

An rasa 14 cikin 66, kashi 21 cikin 100. Biyu ba a gan su ba. Sauran 12 an feɗe su duka, wasu shi kaɗai, wasu ya ɗauki hoto ya tura wa likitar. Uku a mace aka haife su. Huɗu sun yi numfashi, sun yi tafiya, amma tumbinsu fayau, kitsen ƙoda ya ƙare; uku daga cikinsu tagwaye ne. Ɗaya cibiyarsa ce ta ruɓe. Biyu suna da taruwar jini a maƙogwaro, aikin dila. Biyu aikin karnuka ne. Cikin 12 ɗin, 10 an ci wani abu a jikinsu kafin gari ya waye, wato da a bara ne da duk goman dila za a rubuta.

Ya ari kyamarar daji guda ya ɗaura a itace a bakin kwarin. Cikin mako uku ta ɗauki dila biyu suna wucewa kusan kowane dare, yawanci ba su ko nufi garken ba. Sau biyu ta ɗauki karnuka uku tare, ɗaya da abin wuya. Ya gane shi, na maƙwabcinsa ne. Ya kai wa maƙwabcin hoton, mutumin ya rantse cewa karensa a gida yake kwana, kuma da gaskiyarsa ta wani fanni, domin kafin asuba yake dawowa. Aka yi 'yar tsama, daga baya ya yarda zai riƙa kulle shi da dare. Sauran biyun ba su da mai su, aka kai rahotonsu ga hukuma.

Tara daga cikin 14 ɗin a mako huɗu na farko suka tafi. A mako na 5 ya gama shingen kwana a bayan gida: ragar waya mai tsayin mita 1.5, an shimfiɗa santimita 40 nata a ƙasa ta waje an danne da duwatsu don mai tono. Daga nan duk mai tsohon ciki da mai jego a ciki take kwana.

## Wata na 16 zuwa na 24: gyaran garke

An duba baki da hantsar kowace tunkiya. Takwas aka fitar, masu zubabbun haƙora da masu taurin hantsa ko nono ɗaya, aka ƙara 'yan mata 5, suka zama 57. An ware ragunan, sai a wata na 20 aka sake su na kwana 35, wato zagayen neman barbara biyu, tunda tunkiya tana dawowa duk kwana 17. Cikin tunkiya kwana 147 ne ko kusa, don haka a karon farko ya san makon da haihuwa za ta fara. Kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan tayi a mako shida na ƙarshe yake faruwa, a lokacin ne kuma hantsa ke haɗa dakashi. A waɗannan makonni ya ba su ƙarin abinci, yana ƙarawa a hankali, ramammu ya ware su ya fi ba su.

An dandaƙe karen yana wata 9. Ya bi motar mai garken zuwa gida sau huɗu, duk lokacin aka mayar da shi ba tare da an ba shi ko ruwa a ƙofar ba. Da ya kai wajen wata 14 ya daina.

## Haihuwa ta uku, wata na 25 zuwa na 26

Tumaki 54 suka haihu cikin mako biyar da 'yan kwanaki. Kowace mai jego tana kwana ɗaya ko biyu a ƙaramin keji da 'ya'yanta. Ana tsoma cibiya a aidin. Wanda bai sha ba cikin awanni na farko, a tatso dakashi a ba shi, mililita 50 ga kowane kilo na nauyinsa. Karen yana wata 18, yana fita da garke yana dawowa da shi.

An haifi 72, an rasa 6, kashi 8 cikin 100. Biyu a mace aka haife su, ɗaya yunwa, ɗaya dila ya ɗauke shi da rana lokacin da garken ya rabu biyu karen yana tare da ɗaya ɓangaren. Sauran biyun zawo ne ya kashe su, wasu 11 kuma sai da aka yi musu magani. Wannan sabuwar matsala ce, shingen kwana ne ya kawo ta: dabbobi da yawa a ƙasa ɗaya kowane dare, kashi ya taru, wurin ya yi danshi. Tun a mako na 4 aka raba shingen biyu ana musanyawa.

## Abin da alƙaluman suka nuna

Gawarwakin haihuwa ta farko ba a feɗe su ba, amma abin da aka gani a ta biyu, inda kashi biyu cikin uku na waɗanda aka duba ba kashe su aka yi ba, ya sa nake ganin yawancin 21 ɗin nan yunwa da wahalar haihuwa ne suka kashe su, dila ya zo ya tarar da abinci. Tumakin sun shiga haihuwa a rame, kuma mai tsayawa a kansu da dare ya tafi. Kwana 9 na lafiya bayan harbin nan, a ganina, tocilar ce ta kawo su ba bindigar ba: mutum yana zagawa yana haɗa jariri da nono. Kwana 16 na fitilu kuwa sun faɗo ne a lokacin da kusan babu jarirai, kuma namun daji suna sabawa da haske ko ƙarar da ba ta taɓa cutar da su ba.

Harbin ma yana iya zama ya ƙara dagula lamarin. Dila mace da namiji suna riƙe yanki suna korar baƙi. Da aka kashe masu wurin, kuka ya fara tashi daga wurare uku. Wani bincike da aka buga a 2016 kan dilan Afirka ta Kudu ya gano cewa inda ake yawan kashe su, matan suna fara haihuwa da ƙuruciya kuma suna haifar 'ya'ya da yawa. Biyun da kyamara ta ɗauka an ƙyale su, kuma cikin haihuwa biyu abin da aka tabbatar na dila 'ya'ya 3 ne. Gubar ce mafi muni, garin neman gira aka rasa ido: ta kashe karyar, ta kashe masu share mushe, mako uku da 'yan kwanaki bayan nan kuma karnuka suka afka wa garken. Ko warin kwarin ne ya jawo su, zato ne mai ƙarfi, ba hujja ba.

Kare shi ake nuna wa baƙi, shi ne ke da kwarjini, amma littafin bai ba shi kaso mafi girma ba. Asara ta sauko daga kashi 33 zuwa kashi 21 yana kwikwiyo marar amfani, mafi yawan saukar kuma bayan shingen kwana ta zo. Daga kashi 21 zuwa kashi 8, abin da ya fi raguwa shi ne mutuwar yunwa, wannan kuwa aikin ƙarin abinci ne da fitar da masu mugun hantsa da sanin ranar haihuwa. Rabon karen shi ne rana a fili da kuma karnukan yawo, waɗanda kyamara ta ɗauka sau ɗaya a wata na 26 sun tsaya a bakin kwarin sun juya. An canza abubuwa da yawa lokaci guda, shekarar ta uku kuma ta fi ta farko ciyawa, saboda haka ba za a iya raba ladan da ma'auni ba.

Nauyin da ya ƙaru a kansa shi ne kora da safe da yamma ba karen kora, mako biyar na barci rabi da rabi, da ciyar da ƙaton kare duk shekara. A wata na 27 ya kawo kwikwiyo na biyu, mace, saboda ranakun da garken ke rabuwa. Ungulu biyu aka gani a saman kwarin a watan, karo na farko tun mako na 7.